Zaren Bahaguwa

Tarai,
18 ga Nuwamba, 1962.

Zuwa ga taubashiyata Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Kawu Mato da ciwon ƙafarsa? Yaya aikin kaka? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san kin juya takardar nan gaba da baya kina neman wanda ya aiko ta. Ni ce Ramlatu, 'yar Inna Laraba ƙanwar babanki, wadda kika fasa wa goshi da ludayi muna yara. Tabon yana nan, kullum na duba madubi sai na tuna da muguntarki. Maijidda mai daddawa, da ke cin kasuwar Rano, ita ta gaya mini kin shiga ajin yaƙi da jahilci a Rurum har an ba ki takardar shaida. Na yi dariya har da riƙe ciki, ke da ko waƙar gaɗa sai an maimaita miki sau goma. Ni ma bara na gama namu ajin. Shi ya sa yau zan iya gaya miki magana ba sai wani namiji ya karanta miki ba, don maganar ba ta maza ba ce tukuna.

Shekara ashirin da uku ke nan rabon da mu ga juna. Ke kin san dalilin daga bakin gidanku, ni daga bakin namu, don haka ki yi haƙuri in faɗi abin da na riƙe. A bazarar shekarar da aka fara yaƙin Turawa, yayana Dalhatu da yayanki Ishiyaku suka ɗora wa jakin Kawu mangalar dawa suka tafi kasuwar Rano. Dalhatu yana da shekara goma sha shida, Ishiyaku sha biyar. Sun fita suna tsokanar juna kamar kullum, Ishiyaku yana cewa jakin ya fi Dalhatu hankali. Rana ta faɗi ba su dawo ba. Sai da aka kwana uku ana nema aka tsinci Ishiyaku a tsakanin duwatsun gefen hanya, an buge shi a ƙeya. Babu jaki, babu Dalhatu. Sai ga wani baƙo mai sayar da kanwa ya ba da shaida, wai a kasuwa ya ji Dalhatu yana cewa sai ya fasa wa Ishiyaku kai, kuma wai da yamma ya gan shi shi kaɗai yana kora jaki ta hanyar Zariya. Ke da ni mun san irin abin da taubasai ke gaya wa juna, amma da gawa a kwance wa zai tsaya tuna wasa? Kawu ya tsaya a ƙofar gidanmu ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ƙanwarsa ba, ya kwashe ku kuka koma Rurum. Ranar kina tafe kina waiwayena, ban ɗaga miki hannu ba don tsoron idon mutane. Abin yana damuna har yau.

Ga abin da ya faru bayan tashinku. Da ruwa ya sauka, Fulani makiyaya suka ga ƙasusuwan mutum a wani kwazazzabo kusa da Fammar, ba abin da ya rage a jikinsu sai wata 'yar laya da igiyarta. Wani Bature ya zo da tafintansa da wani sabon ɗan doka mai suna Ɗanmalam, suka kawo layar zaurenmu. Baba ya duba ya ce bai san ta ba. Kaka, wadda Dalhatu ya tashi a ɗakinta kamar yadda ake yi da ɗan fari, ta shafa ta ce duk layunsa ita ta ɗaura masa, wannan ba ta ciki. Sannan aka kira Inna. Ta tsaya a ƙofar ciki a lulluɓe, ga surukinta, mahaifin Baba, zaune, aka miƙo mata layar, sai ta juya fuskarta ga bango. Dattawa suka ce a ƙyale ta, ai kunyar ɗan fari ce, kuma uwar da ko sunan yaro ba ta faɗa me za ta sani game da kayan jikinsa? Bature ya rubuta cewa ba wanda ya san layar. Mutanen Fammar suka binne ƙasusuwan a gindin wata tsamiya, suna ce wa wurin kabarin baƙo. Dalhatu kuwa ya zama mai kisan kai da ya gudu. Tun daga nan Baba bai sake shiga sahun gaba a masallaci ba, har Allah ya yi masa rasuwa bara.

Shi wancan ɗan dokan yanzu Saja ne, furfura ta cika masa kai, amma bai bar maganar ba. Duk shekara da an yi girbi sai mu ji kukan kekensa tun daga bakin rafi. Yakan zauna a zaure ya yi tambayoyin da ya yi bara, ya rubuta 'yan kalmomi don kada a rufe takardun, ya sha ruwa ya tafi. Layar tana cikin wani gwangwanin taba a aljihunsa, har mutanen gari suna kiransa Saja mai gwangwani. Ya ɓare ta tuntuni, ya kai rubutun wurin malamai daga nan har Zariya ko wani zai gane hannun, ba a dace ba.

Bana da ya zo babu Baba, sai maigidana Malam Ja'afaru ya ce in fita in amsa masa, tun da gidanmu danga ɗaya da na Inna, kuma ni nake kula da ita. Da Saja ya buɗe gwangwanin na ce ya ba ni in riƙe. Zaituna, shekara ashirin da uku maza suna duba layar nan, ba wanda ya dubi igiyar. Ni kuwa kin san da mazari na tashi a hannu. Na murza bakin zaren a yatsuna yadda kowace mai kaɗi za ta yi, maimakon ya ƙara ɗaurewa sai ya warware. Na sake murzawa, ya sake warwarewa. Murɗinsa ta baya ya tafi, kaɗin hannun hagu ne. Mace ɗaya na sani mai irin wannan zare.

Ba lallai ki san Inna bahaguwa ce ba, da duka aka raba ta da hagun tun tana ƙarama. A tsakar gida da dama take kaɗi, zaren ya fito duk ƙulli, mata suna mata dariya. Amma in ta shiga ɗaki ta saki asabari, sai ta mayar da mazarin hagu, ta fitar da zare siriri mai ƙarfi wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ni kaɗai nake gani, don ni nake kwana ɗakinta. Kuma tun daminar da aka kawo layar ba ta sake taɓa mazari ba, wai wuyan hannunta ke ciwo.

Na mayar wa Saja gwangwaninsa ban ce komai ba. Ban gaya wa ko Malam ba, ke ce ta fari. Don Allah kada ki gaya wa Kawu tukuna. In kin ga dama ki ba Maijidda amsa, in ma zagi ne ina so, na yi kewar zaginki.

Ki gaida yaran, ko da yake ban san sunayensu ba.

Taki,
Ramlatu.

Tarai,
9 ga Disamba, 1962.

Zuwa ga Zaituna,

Sallama da gaisuwa da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya yara? Amsarki ta iso. Layi huɗu ne kacal, ba gaisuwa, kuma rubutunki kamar kaza ta bi ta kan toka, amma na karanta ta har na haddace. Kin ce ba Inna kaɗai ce bahaguwa a ƙasar Rano ba, kin ce mai son wanke ɗan'uwansa ba abin da ba zai gani a zare ba, kin ce naku yayan da idonki kika ga an shigo da gawarsa. Duk gaskiya kika faɗa, ban ji haushi ba. Ni ma abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan, har na gaji na je wurin mai zaren.

Ban iya tambayarta kai tsaye ba, wa ya taɓa yi wa Inna zancen ɗanta na fari? Sai na ɗauki taskirata bayan azahar na shiga ɗakinta, na saki asabari. Na ajiye mata sutun auduga da mazari da alli a gefenta na hagu, na ce Saja ya bar ni na taɓa igiyar. Ta daɗe tana kallon mazarin. Sannan ta fara magana, idonta a ƙasa, kuma ga abin da ta ce.

Tana da shekara goma sha shida ta haife shi. Ranar yaye Kaka ta ɗauke shi, tun daga nan ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa miƙa masa ko ƙosai da hannunta ba, in ya shigo tsakar gida ita sai ta sami abin yi a madafa. Mutane suna yabonta, wai ba a taɓa ganin mai kunya irin Laraba ba. Ita kuwa ta san takunsa a cikin na yara goma, ta san tarinsa daga bayan katanga. A sanyin shekarar da ya ɓata ya yi zazzaɓi mai zafi har ya rame, tana ji daga ɗakin Kaka, ba damar ta leƙa. Da ya tashi, sai wani malami matafiyi ya sauka a unguwa. Ta aika masa kazarta a ɓoye ya rubuta mata laya, ta kaɗa zare da hagunta ta tufke igiyar, ta sa a cikin takalminsa da ya bari a ƙofar ɗakin Kaka. Washegari da zai wuce ta ƙofarta sai ya yi gyaran murya, ya dafa damtsensa ta cikin riga, ya wuce. Ta ce duk zancen da ta taɓa yi da ɗanta a duniya ke nan.

A zaure kuwa tun kafin a miƙo mata layar ta gane ta. Da fari kunya ce ta riƙe mata baki, yaya za ta tsaya gaban surukinta da baƙin maza ta ce ita ta yi wa ɗan fari laya a ɓoye? Ta ce a ranta in an watse za ta gaya wa Baba. Kafin a watse sai wani tunani ya shige ta: muddin ba ta faɗa ba, yaron yana can hanyar Zariya yana kora jaki, yana ci yana sha. Ranar da ta faɗa, ranar ya mutu. Ta ce ta san ƙarya take yi wa kanta, amma ta gwammace ɗan da ake zagi a kan ɗan da ke gindin tsamiya. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, har abin ya koma tsoro, da wane ido za ta dubi mijinta da yayanta ta ce tun ranar ta sani?

Zaituna, ban tausaya mata ba a lokacin. Na tashi tsaye na gaya mata maganganun da ban taɓa zaton za su fito daga bakina ba. Na ce Baba ya mutu yana sunkuyar da kai a garin da aka haife shi. Na ce an mayar da kayan baikona na fari saboda ni ƙanwar mai kisan kai ce. Na ce ta raba ni da ke. Ko kuka ba ta yi ba. Na fice na yi kwana biyu ban leƙa ta ba, abinci ma ta kan danga nake miƙawa. Ranar na uku na shiga na tarar da kwanukan a jere a rufe, ita kuma tana zaune inda na bar ta, mazarin a cinyarta. Ta yi ƙanƙanta ƙwarai a idona. Sai na tuna ni 'ya'yana duka ina kiran sunansu, har na farin, ana mini gori ina kunnen uwar shegu, ita kuwa ko wannan ba ta samu ba. Ban ce mata na yafe ba, ban kai nan ba tukuna, amma na dama mata kunu na tsaya har ta shanye.

Malam ya sani yanzu, ya aika wa Saja. Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan: yayanki bai mutu a hannun ɗan'uwansa ba. Tare suka fita, kuma tare aka cuce su.

Allah ya sada mu da alheri.

Taubashiyarki,
Ramlatu.

Tarai,
6 ga Janairu, 1963.

'Yar'uwata Zaituna,

Gaisuwa da so da ƙauna. Na gode da takardarki da kuma daddawar da kika ce wai ta Rurum ta fi tamu, ƙarya kike yi amma na sa a miya. Ashe ciki gare ki har ya tsufa, shi ne ba ki faɗa ba sai a layin ƙarshe? Allah ya raba lafiya. Na ga inda tawadar ta jiƙe a tsakiyar takardar, ba zan tambaye ki ba.

Saja ya zo ranar Laraba. Na ɗauka zai sa a fito da Inna zaure kamar wancan karon, sai ya nemi izinin Malam ya shigo ciki. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ya zauna ya ba ƙofar baya, Liman da Malam suna gefe a matsayin shaidu. Ya roƙi ta kaɗa masa zare kamu ɗaya. Sau biyu mazarin yana faɗuwa, a na uku ya kama. Na miƙa masa, ya jera shi da tsohuwar igiyar a kan farin ƙyalle, ya sa tabarau ya duba, ya miƙa wa Liman. Murɗi ɗaya, kauri ɗaya. Sannan ya tambaye ta a hankali wa ta yi wa igiyar. Muka yi ta jira har kaji suka gama tsince dawar da ke tsakar gida. Daga baya muka ji ta ce ɗanta ne na fari. Sunan bai fito ba, Saja kuma bai matsa ba, ya rubuta da kansa.

Abin da ban zata ba shi ne kukan Saja. Babban mutum da kakinsa ya cire tabarau yana share ido da hula. Ya ce ranar a zaure ya ga yadda yatsun ƙafarta suka ƙanƙame ƙasa, shi ma ɗan fari ne, ya san abin da juya fuska ke iya ɓoyewa. Amma watansa biyu da shiga aiki, ga Bature, ga dattawa, bai iya cewa a tura mata tsohuwa ta tambaye ta a ɗaki ba. Abin da ke kawo shi duk shekara ke nan, yana fata wata rana ta aiko masa da magana. Ya ce ya yi yawo da gwangwanin nan gari-gari, bai taɓa tunanin nuna wa mace ba.

Yanzu takardun sun canja, yara biyu aka kashe, ba ɗaya ba. Saja ya ce tun da Dalhatu yana kwance a Fammar, to mai kanwar nan da ya ce ya gan shi a hanyar Zariya ƙarya ya shirga, kuma ba a yin irin wannan ƙarya a banza. Sharu aka rubuta sunansa, ba gari, ba sunan uba, kuma ba a sake ganinsa a kasuwar ba. Ko yana raye ko ya mutu, Allah kaɗai ya sani. Saja ya ce zai fara da tsofaffin dillalan jakai, don jakin Kawu yana da tsagaggen kunne, irin abin da dillali ba ya mantawa. Saura shekara ɗaya ya ajiye aiki, amma ya ce ko ya ajiye kaki ai bai ajiye keke ba.

Ga roƙona. An sa ranar Juma'a ta sama za mu je Fammar a yi wa kabarin addu'a kafin azumi ya kama. Inna ba ta da ƙarfi, ƙafafunta sun kumbura, kuma tun da ta yi magana ba abin da take tambaya sai ko yayanta ya ji. Lokaci ya yi da za ki gaya wa Kawu. Ke kika san lokacin da ake tunkararsa. Ki gaya masa duka, har da laifinta, kada ki rage komai don a ji daɗi. In ya ƙi zuwa ba zan ga baƙinsa ba, amma ina tsoron ta tafi ba su gana ba.

Ki kula da kanki, ki bar ɗaukar tulu.

Taki har kullum,
Ramlatu.

Tarai,
22 ga Janairu, 1963.

Zuwa ga Zaituna mai jego,

Barka, barka da arziki! Kawu ya kawo mana labarin kin sauka lafiya an sami namiji. Allah ya raya shi, ya sa kada ya ɗauko bakin uwarsa. Yaya ruwan zafi? Yaya ƙwarin jiki? Na san kina can kamar ki yi tsuntsuwa don son jin labari, kuma na san Kawu ba zai ba ki ba, to ga shi.

Mun isa Fammar da hantsi, Inna a kan jaki Malam yana riƙe da ita. Kabarin yana bakin wata gona, an kewaye shi da duwatsu, an share shi tas. Liman ya ce mu mata mu tsaya daga nesa a inuwa. Nan muka haɗu da mai gonar, wata tsohuwa Huseina. Ashe ita ke gyara duwatsun duk bayan damina, kuma duk Juma'a takan yi wa baƙon nan sadakar ƙosai, wai ko wane ne shi, wata ce ta haife shi.

Muna nan sai ga Kawu ya ɓullo da sandarsa yana ɗingishi, daga Kibiya inda mota ta ajiye shi a ƙasa ya ƙaraso. Ya tsufa, Zaituna, sai da na dubi hancinsa na gane shi, hancinki ne sak. Ya gaisa da maza, bai ko kalli inda muke ba. Aka yi addu'a aka shafa, shi bai tashi ba. Ya dafa duwatsun da hannu biyu, muna jinsa yana cewa yaro ya yafe masa, shekara ashirin da uku yana haɗa shi da Allah bayan kowace salla, ashe yana nan kwance rana tana dukansa. Maza duk suka sunkuyar da kai.

Sai tsohuwar nan Huseina ta matsa ta ce ita fa tana da tambaya. Ta ce ta gaji da cewa Allah ya ji ƙan baƙo, a gaya mata sunansa ta riƙa faɗa a addu'a. Na buɗe baki zan amsa, sai na ji an damƙe mini hannu. Inna ce. Ta yaye lulluɓinta daga baki, a gaban Liman, a gaban surukinta Malam, a gaban yayanta, ta ce sunansa Dalhatu. Muryar ba ta fita sosai ba, tsohuwar kuma kunnenta ya yi nauyi, ta ce me? Sai Inna ta sake faɗa da ƙarfi, har Kawu ya ɗago kai. Shekarata talatin da biyu a duniya, ranar na fara jin sunan yayana a bakin uwarsa.

Da za a watse Inna ta ba ni butar ruwa in kai wa Kawu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya dubi tabon goshina ya ce aikin Zaituna ne wannan. Amma ruwan ya ce a mayar. Ya bi mu Tarai, ya wuce ƙofar gidan Inna ko waiwaye bai yi ba, ya sauka a zauren Liman. Na aika abincin rana ya dawo, washegari na aika fura ta dawo. Inna ta ce in bar shi, yana da gaskiya, ta juya ta kwanta. Ni kuwa har na fara shirya baƙar maganar da zan rubuto miki a kan taurin kan gidanku.

Ranar Lahadi ana idar da sallar magariba muka ji sallama a tsakar gida. Kawu ne tsaye da sandarsa, ya riga ya shigo. Ya ce shi ba mai rantsuwa da Allah ya taka a banza ba ne, ba shi da halin ciyar da mutum goma, shi ya sa ya yi azumi uku, tun ranar Juma'a da azumin ya zo. Sannan ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya yi mata faɗa, faɗa sosai, irin wanda yaya ke yi wa ƙanwa. Ya ce ta sa shi ya zagi marar laifi, ta sa ya bar kabarin ɗansa da gonar ubansu, ta sa wanda ya kashe musu yara ya tsufa a shimfiɗarsa. Ta ce haka ne, duk haka ne. Can sai ya ce to ita ba ta ga mai azumi ba ne, ko kunun ma sai ya roƙa? Da hannunta ta miƙa masa, kuma da hagu, ya karɓa ya sha.

Jiya ya je kabarin Ishiyaku, shi da Saja, suka daɗe suna zancen jakin. Saja ya sami wani tsohon dillali a Rano da ya ce kamar ya tuna kunnen, gobe zai koma wurinsa. Ban sa rai da yawa ba, amma ban hana kaina ba.

A cikin takardar nan za ki ga 'yar igiya, ta jaririn ce. A tsakar gida Inna ta kaɗa ta, mata suna kallo. Kada ki ce za ki ƙara mata tsawo da naki zaren, ba za su haɗu ba. Ran suna ina nan tafe, Malam ya yarda, ki ɓoye ludayinki.

Na karanta wa Inna abin da na rubuta, ta ce ban sa gaisuwarta ba. Na ce zan sa Inna tana gaishe ki, ta ce a'a, ba haka za a rubuta ba. Ta sa na nuna mata inda sunan zai zauna a takardar, ta ɗora yatsa a wurin, ga shi nan yadda ta faɗa.

Uwar Dalhatu tana gaishe ki.

Taubashiyarki mai tabo,
Ramlatu.